Sahun Farko a Gonar Baba Talle

Ruwan shuka ya sauka a Afala da asubar wata Laraba, irin ruwan nan da ba ya tsawa, ba ya fankama, sai dai ya zauna ya yi aikinsa. Da gari ya waye na zaga ta bayan gidanmu na tura hannu cikin ƙasa, laima ta wuce wuyan hannuna. Na dawo ina kiran kowa da kowa, ko da yake kowan bai wuce mutum biyu ba. Akwai mahaifinmu, Baba Talle, wanda idanunsa suka yi hazo har ba ya bambanta akuya da tunkiya sai sun yi kuka. Akwai kuma ƙanena Attahiru. Mijina yana Abijan tun bayan girbi, kamar rabin mazan garin, kuma duk sanda na kira shi a waya sai ya ce mako mai zuwa yana hanya.

Ni ce Raƙiya. A gidanmu an ce ina da baki, ban kuwa taɓa musawa ba.

Attahiru matuƙin jirgin sama ne. Tun yana lakwal, wato makarantar boko, a Tawa ba shi da zance sai na jirgi, har Allah ya cika masa buri, ya samu aiki da wani kamfani a wata ƙasa ta bakin teku. Muna ce masa Kumandan, da farko don tsokana, daga baya sunan ya bi shi. Wata safiya ya tashi da fasinjoji daga wani ƙaramin filin jirgi da tsaunuka suka kewaye, ana ruwa, gajimare ya rufe ko'ina. Hanyarsa ita ce ya bi ta kan wani kwari ya fita sarari. Sai ga jirgi a gefen tsauni, fiffike ya aske kan itatuwa, ya zube a kan cikinsa a gonar wani bawan Allah. Allah ya taƙaita, ba wanda ya rasu, amma an samu karaya, mataimakinsa ma har yanzu yana ɗingishi. Attahiru ya bugu a kai. Da ya farfaɗo a asibiti, bai tuna komai ba tun daga lokacin da tayoyi suka bar ƙasa. Rediyo ta ce matuƙi ne ya ɓata hanya, shi kuma ba shi da abin da zai ƙaryata ta da shi.

Aka dakatar da shi har a gama bincike, ya tattaro kayansa ya dawo gida. Kada ku ɗauka ya dawo yana kuka. Attahiru yana cin tuwonsa, yana dariya, yana gyara wa mutane rediyo da fitilar sola, har ya yi ƙiba. Ni ma na ji daɗin zamansa, don tun da ya tafi makaranta ban sake samunsa kusa da ni haka ba. Abu ɗaya ne ya canza: ya daina shiga gaba. A masallaci sahun ƙarshe yake tsayawa. In mun hau amalanke sai ya miƙo mini igiya ya koma baya ya zauna, ƙafafu na reto. In za mu kasuwa kuwa, jaki ma sai ya wuce gabansa. Ranar da abin ya ishe ni na tsare shi a zaure, na ce wannan wane irin iyayi ne.

Ya ce, "Yaya, mutane sun zamna bayana sun ba ni ransu, ni ko na nuhi dutse da su, kuma ban san mi yas sa ba. Har in sani, ba ni shiga gaban kowa."

Tausayinsa ya kama ni har na bar masa naman da ke cikin miyata.

To, ga ruwan shuka ya sauka, kuma laima ba ta jiran kowa. Shuka kuwa sai da na gaba: mai sungumi yana tafe yana saran rami, na baya suna zuba iri suna rufewa da diddige. Tun muna yara Baba ke riƙe sungumi, da Attahiru ya tasa ya karɓa a lokacin hutun makaranta, kuma sahunsa kamar an ja igiya. Da muka isa gona na sauke sungumin daga amalanke na miƙa wa Attahiru ba tare da na dube shi ba, wai ko zai karɓa da mantuwa. Ya sa hannu ya ɗauki ƙoƙon iri.

"Ke shiga, Yaya. Ni ina biye."

Na shiga, ina gunaguni. Da can akwai wani gawo a ƙarshen gonar, shi ake tsura wa ido a yi ta tafiya. Iska ta kayar da shi bara, mun ƙone shi ƙurmus a murhu. Yanzu ba abin da ake hangowa can sai rairayi da sama, don kututturen da ya rage ba ya ganuwa daga nesa. Na sari sahun farko yadda Allah ya ba ni iko, na juyo na bi gefensa na yi na biyu, na uku ya bi na biyu. Baba yana zaune a inuwar amalanke, yana tambaya ko ana tafiya daidai. Attahiru ya ce masa lafiya lau. Ƙarya yake yi, ni ma na san ƙarya yake yi, amma na ji daɗinta.

Hantsi ya ɗaga sai muka hango wata farar mota ta taho daga wajen gari, ta nutse a rairayi, ta yi ƙugi, ta haƙura. Wani dogon mutum ya fito, da rawani shuɗi da takalman ofis, rataye da jaka. Ya tako har inda muke, ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida Baba yadda ya kamata. Ya ce sunansa Almustafa, mutumin Abalak ne amma Yamai yake aiki, ƙasarmu ta tura shi cikin masu binciken haɗarin jirgin Attahiru. An kusa fitar da rahoto, kuma ƙa'ida ce a nuna wa matuƙi abin da aka gano kafin duniya ta ji. Ya kira waya ba ta shiga, ya je gida aka ce muna gona.

Na dubi Attahiru. Ƙoƙon da ke hannunsa ya karkace, iri na zuba a kan ƙafarsa.

Baba ne ya yi magana. Ya ce, "Malam Almustafa, sannu da hanya. Maganag ga da ka zaka da ita, in ta jira azahar, lalacewa takai?"

"A'a, Baba, ba ta lalacewa."

"To laimag ga lalacewa takai. Raƙiya, ba baƙo ƙoƙo."

Na yi zaton mutumin zai ji haushi. Sai ya yi dariya, ya tuɓe takalma ya ɗora a kan amalanke, ya naɗe ƙafar wando. Ya ce shi ɗan makiyaya ne, raƙumi ya sani, bai taɓa shuka ko ƙwaya ɗaya ba. Ai kuwa mun ga alama. Ramin farko ya zuba masa irin da zai ishi rami biyar, na biyu ya manta bai rufe ba. Na ce masa, "Malam, hatsi mukai, ba tuwo muka dahwawa cikin ramen ba." Ya ce a yi masa haƙuri, ɗalibi ne sabon shiga. Kafin rana ta take ya fara kamawa, har yana waƙa ƙasa-ƙasa da Buzanci. Attahiru dai aikinsa kawai yake yi. Yana zuba iri, yana rufewa, idonsa a ƙasa.

Da azahar muka yi salla, muka taru a inuwar amalanke, na dama fura. Almustafa ya sha ya ce, "Tanimmert," wato godiyarsu ta Buzaye, sannan ya jawo jaka ya fito da ordinatar, wato kwamfuta. Ya tambayi Attahiru ko yana so su keɓe. Attahiru ya ce a'a, waɗannan su suka ɗauki nauyin abin tare da shi, su ji.

Ya fara nuna mana hoton baƙin akwatin da ake ta faɗa a rediyo. Na ce wannan ai ruwan goro ne, wa ya ce baƙi? Ya ce haka ake fentinsa don a gane shi cikin tarkace, sunan ne kawai ya bi shi. Ya ce akwati biyu ne. Ɗaya yana ɗaukar maganar matuƙa. Ɗayan yana rubuta duk abin da jirgi ya yi: tsayinsa, gudunsa, inda hancinsa ya dosa, abin da agogunan gaban matuƙi suka nuna masa, har da yadda hannunsa ya motsa sitiyari. Daga nan suka haɗa wani ɗan hoto mai motsi, ƙaramin jirgi a kan taswira, ga kwari, ga tsauni.

Saboda ni da Baba ya yi bayanin da Hausa, yana tsarma Faransanci in ya juya wajen Attahiru. Ya ce a gaban matuƙi akwai agogon da ke nuna masa inda ya dosa, gabas ko arewa ko tsakaninsu. Mataimaki ma yana da nasa. An yi su biyu ne don in ɗaya ya yi ƙarya ɗayan ya tona shi, ƙararrawa ta yi kuka. Kowannensu yana jin arewa ne ta wata ƴar na'ura da ke can cikin fiffike, mai aiki da maganaɗisu. To, a filin jirgin nan, wurin da aka tsayar da su suna jiran ruwa ya tsagaita, ashe akwai tsofaffin ƙarafa jibge a ƙarƙashin siminti, tun na wani gini da aka rushe aka binne. Ba wanda ya san da su sai da masu bincike suka auna wurin. Ƙarafan nan suka ja na'urorin biyu gefe guda, daidai wa daida. Agogo biyu suka yi ƙarya iri ɗaya, don haka ƙararrawa ba ta ga abin kuka ba.

Baba ya gyara zama. Ya ce, "Kamar sahun Raƙiya ke nan. Na biyu ya bi na hwarko, na ukku ya bi na biyu, kowa na shaidar ɗan'uwa nai, dut sun nuhi gonar Ɗanbaba."

Na ce, "Baba, kai da ba ka gani?"

"Ƙahwata na gani. Na taka su da zan alwala."

Almustafa ya ƙyalƙyale da dariya. Ni kuwa na ɗaga kai na duba, sai ga sahuna sun lanƙwashe kamar lauje, sun doshi gonar maƙwabcinmu. Attahiru bai yi dariya ba. Idonsa na kan ƙaramin jirgin.

Almustafa ya danna, jirgin ya tashi. Agogo yana nuna hanyar kwari, amma a kan taswira jirgin yana karkata zuwa tsauni sannu a hankali. Na ƙara matsawa kusa ina leƙe, alhali na san ƙarshen labarin, ga mai labarin a zaune kusa da ni yana warin fura.

Attahiru ya ce, "Na bi shi ke nan. Ya yi mani ƙarya, ni ko na bi."

"Ka bi shi," in ji Almustafa. "Ba ni ɓoye maka. Kuma rahoto zai ce da an gwada agogunan da hanyar tashi tun kuna ƙasa, da an gane. Lokacin ba ya cikin abin da kamhwani ya wajabta maku, yanzu an sa shi. Amma tsaya, ba mu kai ba."

Ya nuna mana wani ɗan abu a hoton ɗakin matuƙa, can sama a tsakiyar gilashi, bai fi ƙwan zabo ba. Ya ce wannan busol ce, mai nuna arewa, irin ta matafiya, allura ce kawai cikin ruwa, ba ta da waya, ba ta haɗa komai da manyan agogunan. Da zarar jirgi ya bar ƙarafan nan ta koma gaskiyarta, manyan kuwa sai sun ɗauki lokaci kafin su gyaru. Sai dai tana rawa in jirgi na girgiza, ga ta ƙarama, yawancin matuƙa sai su yi shekara ba su dube ta da niyya ba.

"Akwatin magana ya ɗauki muryakka," ya ce wa Attahiru. "Ba ni da izinin sa maka ita nan, amma ina hwaɗa maka abin da ka ce. Ka ce ma mataimakinka, ƙaramar ba ta yarda da manyan ba. Shi ya ce manyan biyu sun yi daidai. Ka ce, ni ƙaramar zan bi. Lokacin ƙararrawar da ke gargaɗin kusantar tsauni ba ta ko yi kuka ba. Dubi nan."

A ƙasan hoton akwai wani layi da ke tafiya a miƙe. Almustafa ya aza yatsa a kansa, ya ce wannan hannun Attahiru ne a kan sitiyari. Muna kallo layin ya karye, ya yi dama da ƙarfi, ya tsaya a can bai yi rawa ba. Ƙaramin jirgin ya kwanta a kan fiffike, ya juya wa tsauni gefe. Sai a sannan ƙararrawa ta fara. Ya ce sun gwada tafiyar a na'urar koyon tuƙi, sun sake gwadawa. Duk wanda ya jira ƙararrawa kafin ya juya, tsakiyar dutse yake shiga. Juyawar nan ce ta sa suka tsira da askin itatuwa.

Jaki ya yi atishawa. Attahiru ya ce a mayar masa baya, aka mayar. Ya ce a sake, aka sake. Yana kallon layin yana kallon hannunsa na dama, yana juya shi kamar wani ne ya ba shi aro. Ni dai hawaye suka zubo mini, ban kuma ɓoye ba, na ja bakin zane na fyace hanci da ƙarfi. Daɗi ne ya yi mini yawa, har da ɗan haushin rediyo a ciki.

Can Attahiru ya ce, "Ban tuna ba. Ko kaɗan ban tuna ba."

"Ba dole ka tuna ba," in ji Almustafa. "Don haka anka yi akwatin."

Ya ce rahoto zai fita, sauran magana tsakanin Attahiru ne da likitoci da masu ba da lasisi, ba ya yi masa alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba. Attahiru ya gyaɗa kai. Na zaci zai yi tsalle, ko ya rungumi mutumin, ko ya yi wani abu irin na masu murna. Ƙanen nan nawa sai ya miƙe ya ɗauki ƙoƙon irinsa, ya ce rana na tafiya. Na ji kamar in kwaɗa masa ludayi. Na buɗe baki ke nan sai Baba ya taɓa ƙafata da sandarsa, na rufe.

Baba ya yunƙura ya tashi. Ya ce a ɗora shi a kan jaki. Na tambaye shi ina za shi da tsakar ranar nan, ya ce ba ruwana. Almustafa ya kwance jakin daga amalanke ya taimaka masa ya hau. Baba ya tafi yana rangaji, ya bi gefen gona, ya wuce lanƙwasassun sahuna, har can ƙarshe inda kututturen gawon nan yake. Jakin ya san wurin, don a nan aka saba ɗaure shi. Baba ya sauka, ya lalubi kututturen ya hau ya zauna, ya warware farin rawaninsa ya sake naɗa shi babba. Daga inda muke ba ka ganin komai sai ɗigon fari a tsakanin rairayi da sama.

Sannan ya ɗaga murya, irin kiran da yake mana muna yara in mun yi nisa da awaki.

"Attahiru! Gawo ya hwaɗi, amma ga ni! Taho!"

Sungumin yana kwance tsakanina da shi. Ban taɓa shi ba, ban miƙa masa ba, ban ce komai ba, kuma duk wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Attahiru ya daɗe a tsaye. Sai ya juya ya miƙa wa Almustafa ƙoƙonsa, ya sunkuya ya ɗauki sungumin, ya tofa miyau a tafin hannu. Bai tsaya kusa da sahuna ba. Ya matsa gefe inda ƙasa take sabuwa, ya ɗaga kai ya tsura wa farin rawanin ido.

Saran farko ya sauka, na biyu ya bi shi. Bai dubi ƙafarsa ba, bai waiwayi sahun kowa ba. Na shiga bayansa da iri, Almustafa yana bayana yana ta ɓarna da hatsinmu yana waƙarsa. Rairayin yana da sanyi a tafin ƙafa, ƙasa tana ƙamshin ruwa. Na lura tafiyar Attahiru ta dawo irin ta da, kafaɗa ɗaya ta ɗan fi ɗaya tsawo, sai da na ƙara sauri kafin in riƙe shi.

Da muka kai tsakiyar gona na waiwaya. Ramukan sun jeru tun daga amalanke har ƙafata, ba wanda ya leƙa waje. Na ce, "Kumandan, a hankali mana, hwasinjojinka sun gaji."

Bai juyo ba. Amma na ji dariya a muryarsa da ya ce, "Ku biyo ni, Yaya. Mun kusa."

Ramin ƙarshe ya sare shi a tsakanin ƙafafun Baba. Tsohon ya sunkuya ya laluba da hannu har ya sami ramin, ya miƙo mini tafinsa. Na zuba masa iri, ya sa da kansa, ya rufe da diddige. Sannan ya kama hannun Attahiru na dama, ya riƙe shi cikin nasa biyu, bai sake shi da wuri ba.